Wutar da Muke Kwana da Ita a Ƙarƙashin Bene

A ƙaramar sallar da ta wuce na je gaida yayana. Ban gama cire takalmi ba ya kamo hannuna, wai in zo in ga abin da ya raba shi da janareta. Ya kai ni ƙarƙashin matakalar bene, ya buɗe wata 'yar ƙofar katako. Ga inbata manne da bango tana ƙyafta koriyar fitila, ga fararen akwatuna biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya, baturan litiyam ne, kowanne kilowat-awa biyar. A gefensu akwai tukunyar gas ta ajiya, da kwalayen tsofaffin littattafan yara, da wata katifa da aka naɗe aka ɗaure da igiya. Wurin ba shi da taga. Na ɗora tafin hannuna a bango, na ji shi da ɗumi kamar gindin murhu.

Na ce, "Yaya, in wannan ya kama da dare, ta ina masu kwana a sama za su sauko?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Kai dai ba ka rabuwa da baƙin baki. Yaron da ya haɗa ya ce wannan sabon samfuri ne, ko ka jefa shi a wuta ba ya ci."

Matakala ɗaya ce a gidan. Kowace taga an dasa mata ƙarfe saboda ɓarayi. Yara biyar ke kwana a sama tare da mahaifiyarsu.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, kada wani ya ce na zo hana mutane shan iskar fanka ne. Ina goyon bayan batirin litiyam, ni ma akwai shi a gidana, kuma ya fi janareta ta kowace fuska da na iya aunawa. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke sayensa a makance, da wanda muke bari ya haɗa mana, da kuma, fiye da komai, inda muke ajiye shi. Wannan ganganci ne. Hukumomin da ya kamata su ce uffan kuwa sun naɗe hannu, kamar suna jiran ranar da za su zo jaje da kyamara.

Kowa ya san abin da ya kawo baturan nan gidajenmu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, janareta ya koma abin da ake kunnawa da lissafi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat-awa. Sai a Oktoban shekarar yawancin jihohin Arewa suka shafe kwana da kwanaki cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurdi shi ma ya faɗi. Mai ɗan hali ya ce ya gaji. Yau masallatai, asibitocin kuɗi, shagunan caji, masu sayar da ƙanƙara, duk sun koma sola. Batirin ruwa, wanda ake kira tubula, ya soma zama tsohon yayi, domin yana da nauyi, yana son a riƙa ƙara masa ruwa, kuma ba ya daɗewa. Litiyam ya zo da sauƙi da tsawon rai. Sai dai ya zo da wata irin wuta da ba mu saba da ita ba.

A nan nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin wanda bai san yadda wutar take ba ba zai gane dalilin kukan da nake yi ba. A cikin farin akwatin nan akwai ƙwayoyin batir, yawanci 16, kowace tana ba da bolt 3.2. A cikin kowace ƙwaya akwai faifai biyu da aka naɗe tare, an raba su da wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, an jiƙe su da wani ruwa mai kama wuta. Wannan siririyar leda ita ce katangar da ke tsakanin zaman lafiya da gobara. In ta huje, ko don batirin ya faɗi a wajen sauke kaya, ko don an cika masa caji fiye da ƙima, ko don wani ɗan ƙarfe ya maƙale a ciki tun daga masana'anta, faifan biyu sai su haɗu. Zafi ya tashi. Zafin ya narkar da sauran ledar, wadda ba ta jure abin da ya wuce digiri 130 zuwa 160 a ma'aunin Salshiyas. Daga nan sinadaran ciki su fara cin junansu, kowane mataki yana haifar da zafin da ya fi na baya. Ƙwaya ɗaya ta gasa maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta gasa ta gaba, har zafin ya haura ɗaruruwan digiri. Masana na kiran wannan ɓallewar zafi, kuma sunan ya dace, don kamar doki ne da ya tsinke linzami.

Wutar itace ko ta fetur, in ka toshe mata iska ta mutu. Shi ya sa muke rufa bargo ko mu watsa yashi. Wannan kuwa daga cikin rufaffen gwangwani take dafuwa, kuma wasu nau'o'in batirin ma suna sakin iskar oksijin da kansu in sun yi zafi. Ka fesa jar tukunyar kashe gobara, harshen wutar ya kwanta, ka ce alhamdu lillahi, bayan minti goma ko bayan kwana guda ta sake tashi. Kafin ma harshen ya bayyana, batirin yakan fitar da wani farin hayaƙi mai kama da tururi. Mutum sai ya matsa kusa ya ga me ke faruwa. A cikin hayaƙin nan akwai haidirojin mai fashewa, akwai irin iskar nan da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, akwai kuma wata mai cin ido da huhu. In wurin a rufe yake, sai su taru su jira tartsatsi.

To, me masu musu ke cewa?

Na farko shi ne yaron da ya haɗa wa yayana, kuma maganarsa ba ƙarya ce zalla ba. Baturan litiyam iri-iri ne. Akwai masu nikel da kobalt, irin na waya da kwamfuta da motoci da yawa, waɗanda ke saurin ɓallewa. Akwai kuma masu ƙarfe da fosfet, waɗanda ake rubuta wa LiFePO4 a jiki, su ne suka fi yawa a kasuwar sola. Waɗannan sun fi juriya nesa ba kusa ba, sai zafi ya yi tsanani sosai kafin su ɓalle, kuma da wuya su yi irin tartsatsin na farkon. Wanda zai sayi batirin gida, wannan zan ce ya saya. Amma "da wuya" daban, "ba ya yi" daban. Ranar 16 ga Afrilun 2021, a unguwar Dahongmen ta birnin Beijin, wata ma'ajiyar wuta mai irin wannan batirin na ƙarfe da fosfet ta kama. 'Yan kwana-kwana suna fama da gini na kudu, ashe iskar da baturan suka saki ta bi ramin wayoyi na ƙarƙashin ƙasa ta taru a gini na arewa. Ginin ya fashe. 'Yan kwana-kwana biyu suka mutu, da ma'aikaci ɗaya. Batirin da ba ya saurin kamawa yana iya zama wanda ya fi tara iskar fashewa, tunda babu harshen wutar da zai cinye ta tun tana fitowa. Mai haɗa solar da ya ce maka ba ya wuta, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani ya ga ciniki zai kuɓuce.

Kuma wa ya tabbatar maka abin da aka rubuta a jikin akwatin shi ne a ciki? Tambayar da ta fi damuna ke nan. Akwai baturan da aka ƙera a masana'antu masu daraja, aka gwada su. Akwai kuma waɗanda aka harhaɗa a bayan shago da ƙwayoyin kwance, wasu an ciro su daga tsofaffin motoci da na'urori, wasu masana'anta ce ta ware su a matsayin marasa inganci, aka sayo su a kan nauyi, aka sa musu sabuwar riga da tambari mai sheƙi. A cikin kowane batirin kirki akwai wata na'ura da masu sana'a ke kira BMS, aikinta ta lura da kowace ƙwaya, ta yanke caji in ya cika, ta yanke wuta in zafi ya yi yawa. Ita ce mai gadin gidan. To na ji da kunnena wani mai gyara yana alfahari cewa in ta cika yanke wa kwastoma wuta, sai ya tsallake ta da waya, magana ta ƙare. Wato mai gadi ya yi ihu, sai aka ɗaure masa baki. Araha dai ba ta ado.

Mai musu na biyu zai ce, labaran da kake kawowa na manyan tashoshi ne a ƙasashen da suka ci gaba, ina ruwan ɗan akwatina? Gaskiya ne manyan su suka fi yin suna. A Janairun 2025 wani ɓangare mai ƙarfin megawat 300 na tashar Moss Landing da ke Kalifoniya ya kama, aka kwashe mutum fiye da 1,000 daga gidajensu, aka rufe babbar hanya, 'yan kwana-kwana suka ja da baya suka bar wutar ta cinye kanta. A Yulin 2021 wani babban batirin Tesla ya kama a jihar Biktoriya ta Ostareliya tun ana gwaji, ya yi kwanaki yana ci. A Afrilun 2019, a garin Surprise na jihar Arizona, 'yan kwana-kwana sun yi sa'o'i suna kallon farin hayaƙi na fita daga wata kwantenar batir, da suka buɗe ƙofa sai ta fashe, huɗu suka ji mummunan rauni. Amma lura da wani abu: a Moss Landing babu wanda ya mutu, a Biktoriya ma haka. Me ya sa? Domin babu mai kwana a kan batirin.

Inda ake mutuwa shi ne inda ƙaramin batir ya haɗu da ɗakin kwana. A birnin Niyok na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, an yi gobara 268 ta baturan litiyam, mutum 18 suka mutu, kuma yawancinsu baturan kekuna da babura masu caji ne da masu kai saƙo ke shiga da su gida. A Fabrairun 2024, a birnin Nanjin na Sin, wuta ta tashi daga ƙasan wani dogon bene inda ake ajiye babura masu caji, ta haura sama, mutum 15 suka rasu. Batirin keken nan bai fi kilowat-awa ɗaya ba, sau da yawa ma rabi ne. Yayana yana da goma a ƙarƙashin matakala. Kamfanonin jiragen sama ba sa barin ka shiga da batirin da ya wuce wat-awa 100 sai da izini. Akwati ɗaya daga cikin nasa ya ninka wannan sau 50. Ɗan akwati ne?

Abin da Niyok ta yi shi ya fi jan hankalina. A 2023 ta kafa dokar da ta hana sayarwa ko ba da hayar keke mai caji ko batirinsa in ba shi da shaidar gwajin inganci, ta kuma shiga wayar da kai ba dare ba rana: kada ka yi caji a bakin ƙofa, kada ka yi caji kana barci, fitar da shi waje. A 2024 yawan gobarar bai ragu ba, 277 aka yi. Amma waɗanda suka mutu shida ne. Daga 18 zuwa 6. Baturan ba su daina kamawa ba, mutane ne suka fara ɗauke su daga kan hanyar tsira. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle ma ɗan'uwan ya nuna maka inda rijiyar take.

Mai musu na uku shi ne wanda na fi girmamawa, don da gaskiyarsa. Zai ce, Malam, janareta nawa ya kashe? Iyali nawa aka wayi gari aka tarar da gawarwakinsu saboda hayaƙi? Jarkar fetur da muke ajiyewa a soro fa? Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat-awa tara, jarka guda kuwa ta ninka baturan yayanka sau da yawa. Kana tsorata talaka ne don ya koma wa abin da ya fi kashe shi? Na yarda da kowace kalma. Zan ma ƙara masa: a manyan tashoshin duniya, yawan hatsari in aka gwada da yawan baturan da ake kafawa ya ragu ƙwarai tun daga 2018, bayan gobarar da ta riƙa tashi a jere a Koriya ta Kudu ta tilasta wa kowa gyara. Fasahar tana inganta. Sai dai ga bambancin. Fetur mun san shi. Yaro ɗan shekara bakwai ya san ba a ƙyasta ashana kusa da jarka. Janareta yana da ƙara, yana da wari, shi da kansa yake korar kansa zuwa tsakar gida. Batir kuwa shiru ne, fari tas, kamar firji, shi ya sa ake shigar da shi falo a ɗora masa furen roba. Mun ɗauki shekaru da gawarwaki kafin mu koyi cewa ba a kwana da janareta a ɗaki. Dole ne mu sake biyan wannan kuɗin makarantar? Kada mu gudu daga gara mu faɗa gidan zago.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu, wato zafi. Masu ƙera baturan nan suna son a ajiye su a wajen digiri 25, kuma iyakar da suke ba da izinin caji yawanci tana tsakanin 45 da 55. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, cikin Afrilu, inuwa ma takan haura 40. Yanzu ka ɗauki shagon kwano marar sili, ka rufe shi da tsakar rana, daidai lokacin da faifan sola ke tura caji mafi ƙarfi. Zafi kaɗai da wuya ya tayar da batir mai kyau, amma yana tsufar da shi da wuri, yana kuma rage tazarar da ke tsakanin ƙaramin lahani da babbar masifa. Sannan sau da yawa ma ba ƙwayar batirin ce ke fara laifi ba. Inbata mai kilowat biyar tana jan kusan amfiya 100 daga batir mai bolt 48. In aka sa siririyar waya don a rage kuɗi, ko aka bar noti bai ɗauru ba, ko aka ƙi sa fiyus tsakanin batir da inbata, wayar ce za ta yi ja ta kunna kwali, kwali ya kunna katifa, katifa ta gasa batir. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kasuwanninmu nake tunani in na kasa barci. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san yadda take gudu a tsakanin rumfuna. Yau ka bi layin 'yan atamfa ko 'yan robobi ka ɗaga kai, faifan sola ne a kan rufi, kowane shago da nasa batirin a bayan kaya, kowanne da wanda ya haɗa masa, ana kullewa da magariba a tafi gida. In ɗaya ya ɓalle da ƙarfe biyun dare, 'yan kwana-kwana za su iso da tankinsu, in an yi sa'a da ruwa a ciki. Littafin da kamfanin Tesla ya rubuta wa masu kashe gobara ya ce batirin mota ɗaya na iya cin lita 11,000 kafin ya huce. Wa ya gaya wa jami'inmu cewa farin hayaƙin nan ba tururi ba ne? Wa ya gaya masa kada ya ɓalle ƙofar shago ya tsaya a gabanta? Wa ya tuna masa cewa muddin akwai rana, faifan da ke kan rufi yana nan yana tura wuta ko an kashe komai? Ba laifinsa ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa ko gorar ba a ba shi ba.

Na san abin da za a ce in na ambaci doka: wata ƙofar cin hanci ce za a buɗe, kaya su ƙara tsada, jami'i ya zo ya karɓi na goro ya buga hatimi. Wannan tsoro ne na wanda ya san ƙasarsa. Amma ba sabuwar hukuma nake nema ba. Hukumar SON tana nan, aikinta ne ta san abin da ke shigowa ta tashoshin ruwa da iyakoki. NEMSA tana nan, an kafa ta ne don duba haɗin wutar lantarki da ba masu haɗawa lasisi. Abin da nake so kaɗan ne: batirin da ya kai kilowat-awa ɗaya kada a sayar da shi sai da sunan wanda ya shigo da shi ko ya harhaɗa shi, ta yadda in ya ƙona gida akwai wanda za a kama. Masu harhaɗawa a gida ba abokan gaba ba ne, cikinsu akwai gwanaye, a horar da su a ba su shaida, a raba su da 'yan tsallake BMS. Shugabannin kasuwa kuwa ba sa buƙatar jiran Abuja. Su da ke iya hana dafa abinci a cikin layi, suna iya cewa batir sai a ɗaki na bulo guda a gefen kasuwa, ko aƙalla a akwatin ƙarfe mai shan iska, nesa da kaya.

Wanda zai ce ƙaddara ce, in ta zo ba makawa, ba zan daɗe a kansa ba. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mutane su riƙa kashe wuta in za su kwanta. Ita wutar batir ba a kashe ta da hurawa, to sai a nisanta ta da makwanci.

Yayana bai ji daɗin maganata ba ranar nan, har matarsa ta ce in bar shi ya ci sallarsa. Bayan mako uku ya kira ni. Ya sa an gina ɗan ɗaki na bulo a bayan gida, gefen da rana ba ta duka da yamma, da tagogin iska sama da ƙasa, an mayar da baturan can, an sa fiyus, an maƙala na'urar jin hayaƙi a saman matakala. Ya ce wayar da aka ƙara ce ta fi cin kuɗi, kuma duka-duka bai kai kuɗin akwati ɗaya ba.

Kai da kake karanta wannan, yau da daddare kafin ka kulle ƙofa, je ka tsaya a gaban naka. Dubi abin da ke gefensa, taɓa wayoyin ka ji ko suna zafi, sannan ka juya ka ga ko yana tsakanin 'ya'yanka da ƙofar fita. In yana tsakani, kira mai haɗawa gobe da safe. In kuwa wata rana ka ga ya kumbura, ko ka ji yana huci, ko ya fara fitar da farin hayaƙi, kada ka tsaya neman bokiti. Fitar da kowa, ja ƙofa, ka kira 'yan kwana-kwana daga waje, ka gaya musu batirin litiyam ne.